Tsatsa a Motar Baba Gwadabe

Tahiru ya sauka cikin ramin gareji, tocila a hannu ɗaya, sukundireba a ɗayan. Njidda ya tsuguna a bakin ramin yana sauraren yadda ake ƙwanƙwasa ƙarƙashin pikop ɗinsa. Daga gaba sautin yana fita tas, ƙarfe a kan ƙarfe. Da aka zo wajen tayoyin baya sai ya koma kamar ana buga tsohuwar ƙwarya. Daga nan sai shiru.

"Bafillace, sauko ka ga saniyarka."

"Faɗa mini daga nan. Gwiwata ba ta son rami."

"Kai da kake kai mutane rami kullum? Sauko, wannan ana fita daga cikinsa."

Njidda ya sauka a hankali. Tahiru Babarbare ne daga Kuseri, ya shekara ashirin yana walda a unguwar Madagaskar ta Yawunde, kuma tun da suka san juna bai taɓa kiran Njidda da sunansa na yanka ba. Ya haska dogayen ƙarafan nan biyu da mota take kwance a kansu, waɗanda ake ce wa shasi, sannan ya haska wanda ya gitta tsakaninsu yana ɗauke da bayan motar. Ya ɗora bakin sukundireba a kai, ya danna da hannu ɗaya. Sukundireba ya shige har rabi. Garin tsatsa ya zubo wa Njidda a kafaɗa.

"Me kake zuba wa motar nan?"

"Nama. Sai ka ce yau ka san ni."

"Jini ba ya yin haka. Motocin mahauta nawa ke shigowa nan? Da me kake wanke ta?"

"Ruwa da sabulu." Njidda ya kakkaɓe tsatsar daga kafaɗarsa. "Da jabel."

"Jabel na wankin farin kaya? Kullum?"

"Kullum."

"Shekara nawa?"

"Tara."

"La'ilaha illallahu! Ka shekara tara kana ba ta guba da hannunka, kana ganin wanka kake mata. Jabel cin ƙarfe yake yi, bawan Allah. Yana bi ta hujojin bodi ya kwanta a nan, damina ta zo ta ƙarasa. Wallahi da saniya ce da ka tambayi wani kafin ka ba ta."

Suka fito suka zauna a benci ƙarƙashin rumfar kwano, ana yayyafi. Tahiru ya jera gwangwanaye uku a gabansa. Ya taɓa na farko da ƙafa.

"Wannan kwalta ce ta fesawa. Wuni ɗaya. Ka kawo da safe, ka ɗauka da la'asar, ƙarƙashi ya yi baƙi wuluk kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. Amma in aka fesa ta a kan tsatsa, rufe ta kawai aka yi. Tana ci daga ciki ba mai gani, sai ranar da ta gama cinta. Wannan kuwa baƙin mai ne, tsohon man inji da giris. Awa ɗaya. Ba ya ɓoye komai, ba ya gyara komai, yana dai hana ruwa zama, tsatsa ta rage gudu. Zai yi ta ɗiga a ƙofar gidanka, matarka ta yi ta tsine mini."

"Na ukun fa?"

"Jan fenti. Antiruy. Shi ba ya hawa sai a kan ƙarfe mai rai. Sai an sauke bodi gaba ɗaya, a kwance sifirin, a yanke ruɓaɓɓen, a ɗora sabo, a kankare, a shafa, ya bushe, a sake shafawa. A daminar Yawunde bushewar kaɗai aiki ce."

"Kwana nawa?"

"Douze jours."

"Sha biyu?"

"In Allah ya ba mu rana da wutar lantarki."

Njidda ya daɗe yana kallon gwangwanayen. Kwana sha biyu ba komai ba ne a rayuwar mota. Amma akwai wani tsoho kwance a unguwar Briketeri, wadda ake ce wa Brik, wanda ba mai iya cewa yana da kwana sha biyu.

Motar tun asali ta Baba Gwadabe ce, tsohon mahauci. Ya yi shekara da shekaru yana ɗauko nama da ita daga mayankar Etudi bayan sallar asuba, ya raba wa masu tebur da masu tsire a Brik. Shi ne kuma ya fara abin da yanzu unguwa ta ɗauka kamar tun fil'azal haka yake: in aka yi rasuwa, wannan motar ce ke kai gawa maƙabarta, can bayan gari inda ƙafa ba ta kai mutum. Da idanunsa suka mutu, sai ya kira Njidda, wanda ya daɗe yana masa tuƙi, ya damƙa masa makulli.

"Sharaɗi biyu ne," in ji shi ranar. "Gawa ba a ce mata a'a, ba a kuma yi ciniki a kanta. Na biyu, ranar tawa kai za ka kai ni, a cikin motar nan, ba a wata ba."

Njidda ya ce ya ji ya ɗauka. Lokacin maganar ba ta da nauyi, don Baba na iya cinye kan rago shi kaɗai.

Jabel kuwa Njidda ne ya shigo da shi. A shekararsa ta farko da motar, suna kan hanyar maƙabarta, ya ji wani daga baya yana cewa ƙasa-ƙasa, "Bawan Allah zai shiga kabari da ƙarnin nama." Ba da shi ake ba, amma gilashi a buɗe yake. Tun daga ranar, da zarar ya sauke naman ƙarshe, sai ya wanke bayan motar da sabulu, ya bi da jabel har sai idanunsa sun yi ruwa, don bai san ranar da za a ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Mutane suka riƙa yaba masa. Shi ma, in zai faɗi gaskiya, ya riƙa yaba wa kansa.

Yanzu wata biyu ke nan Baba yana kwance. Asibiti sun sallamo shi, sun ce a kai shi gida a yi ta ba shi abin da ransa ke so.

"Sa mata baƙin mai," in ji Njidda.

Tahiru ya dube shi. Ya san Baba, ya san alkawarin, duk Brik ta sani. Bai yi wasan Barebari ba wannan karon.

"Zan sa. Amma ka ji ni da kyau. Nama ka riƙa yi mata sawu biyu. In gawa ce, makara da mutum huɗu, kada su wuce. Ƙarfen nan ba zai aiko maka da takarda ba ranar da zai saki."

Haka aka shiga jira. Baƙin mai ya yi ta ɗiga kamar yadda Tahiru ya faɗa. Jaratu, matar Njidda, ta gaji da goge sawun takalma daga dandamalin ƙofa.

"Baban Afra'u, motar nan fitsarin kwance ta fara ne a tsufanta?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Wane lokaci?"

Ya nemo kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashi.

Sawu biyu zuwa Etudi ya mai da safiyarsa doguwa. Kafin ya dawo da na biyu hanya ta cika da taksi da babura, masu tsire suna masa waya suna faɗa. Kowane rami ya shiga sai ya ji shi a ƙashin bayansa. Da la'asar kuma, kamar yadda ya saba, ya taka zuwa gidan Baba, ya zauna a kan tabarma kusa da gado. Wani lokaci su yi hirar shanun da, wani lokaci tsohon na barci, Njidda ya zauna kawai yana jin numfashinsa yana shiga yana fita.

A mako na uku ne abin ya faru. Ya yi sallama, Karimatu, 'yar Baba da ke jinyarsa, ta fito da fara'ar da ya daɗe bai gani a fuskarta ba.

"Yaya Njidda, yau da sauƙi sosai! Ya sha kunu kofi guda, har ya ce a nemo masa hanta."

"Alhamdu lillahi," in ji Njidda.

Amma kafin kalmar ta fito, wani abu ya riga ta. Ɗan abu ne, bai fi ƙiftawar ido ba: gabansa ya faɗi. Ya ji shi sarai, kamar yadda ake jin tsakuwa a cikin shinkafa. An ce masa mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa ya samu sauƙi, abin da ya fara zuwa ransa shi ne ƙarin makonni na sawu biyu da kwali.

Ya koma gida ta doguwar hanya. Njidda bai yi makaranta mai nisa ba, amma mutum ne mai juya magana a ransa har ta gaji. Ya ce wa kansa ba a kama bawa da abin da ya gifta masa a zuciya. Ya ce gajiya ce. Sai kuma ya tambayi kansa: in gajiya ce, me ya sa tun makon jiya yake ƙirga tsawon shirun da ke tsakanin numfashi da numfashi? Ya ɗauki alkawari don ya girmama tsohon, ga shi alkawarin ya mai da shi ungulu a bakin gado. Ya kasa gano inda ya yi kuskuren. Kowane taki da ya yi, in aka dube shi shi kaɗai, daidai ne.

Bayan kwana huɗu Awwal tela ya rasu. Mutum ne na jama'a, rabin Brik shi ya ɗinka musu kayan salla. Da aka idar da sallar gawa aka ɗora makara, Njidda ya tsaya a bayan mota ya ɗaga hannu.

"Jama'a, don Allah mutum huɗu. Sauran a bi taksi."

"Tun yaushe aka fara ƙirga masu rakiyar gawa?" in ji ƙanen mamacin, idanunsa jajur.

"Motar ce ba ta da lafiya."

"Motar Baba Gwadabe? Ta ɗauki bijimi biyu, mu ne za mu gagare ta? Ku hau, malamai."

Suka hau. Wa zai janyo mutum daga gefen gawar ɗan'uwansa? Njidda ya leƙa madubi ya ga kawuna goma sha ɗaya, har da Liman, har da wani dattijo da aka ɗaga aka ɗora. Ya ja motar kamar mai ɗauke da ƙwai. A gangaren da ke bayan kasuwar shanu, inda ruwa ya cinye gefen titi, tayar baya ta faɗa rami. Ya ji ƙas, sau ɗaya, daga ƙarƙashi. Ba wanda ya ji sai shi, don a baya ana ta hailala. Motar ta ci gaba da tafiya. Ya kai su, ya dawo da su, rigarsa ta jiƙe sharkaf kamar shi ya haƙa kabarin.

Washegari da la'asar ya sami Baba a jingine da matashi biyu. Ɗakin na warin man zafi. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa.

"Njidda ne. Warin baƙin mai ya riga ka sallama."

"Baba, ina wuni. Ya jiki?"

"Jiki ya gode. Zauna ka faɗi abin da ya kawo ka. Yau takunka na mai magana ne."

Njidda ya faɗa masa duka: sukundireba, gwangwanaye uku, kwana sha biyu, mutum goma sha ɗaya, da ƙarar da ya ji a gangare. Da ya zo kan jabel sai tsohon ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, Karimatu ta leƙo ta koma.

"Jabel! Shari'a ta ce ruwa. Ruwa kawai, a zuba har jini ya tafi. Ni da ruwa da tsintsiya na shekara ashirin, ba gawar da ta taɓa kai ƙarata. Kai kuma ka ga ruwan Allah bai isa ba, kana so ka fi shari'a tsarki. Fulani dai!"

"Na yi kuskure, Baba."

"Ka yi. To, yanzu ka zo ka tambaye ni ranar da zan mutu, don ka san fentin da za ka saya."

"Subhanallahi, Baba, ba haka—"

"Haka ne mana. Kana tsammanin makaho ba ya gani? Mako nawa kana zaune a nan kana sauraren numfashina kamar mai jiran tukunya ta tafasa? In na yi jinkirin ja, sai in ji ka daina naka."

Njidda ya sunkuyar da kai. Ya so a ce tsohon faɗa yake yi. Amma muryar ba fushi a cikinta, irin muryar da yake faɗin nauyin bijimi ce in ya shafa bayansa.

"Ba na jin haushinka," in ji Baba. "Jinya tana gajiyar da kowa. Karimatu ma ta gaji, tana dai ɓoyewa ne ta fi ka iyawa. Sa wa motar kwaltar nan. Wuni ɗaya ka ce. Gawa ba ta leƙa ƙarƙashin mota."

"Kwalta ba ta ƙara wa ƙarfe ƙarfi, Baba. Rufewa kawai take yi."

"To ka bar ta da baƙin man, ka jira ni. Ba zan daɗe ba."

"Ranar taka ba mutum goma sha ɗaya za su hau ba. Duk mahautan Brik za su hau. Ba zan iya hana su ba, jiya na gwada."

A waje ruwa ya fara sauka a kan kwano.

"Na gane," in ji tsohon. "Ka zo ne in ce na yafe maka alkawari, ka tafi da zuciya fara. Ba zan ce ba, Njidda. Ƙarya zan yi in na ce. A motar nan na kai uwar Karimatu. A cikinta na kai 'ya'yana biyu maza. Na san kowane ƙugi da take yi a hanyar nan, ina so in ji shi sau ɗaya daga baya. Son zuciya ne, na sani, ƙasa ba ta tambayar wace mota ta kawo ka. Amma abin da nake so ke nan, kuma ka ce ka ɗauka."

"In ta karye da mutane fa?"

"In ba ta karye ba fa?"

Can Baba ya zame ya kwanta, ya juya fuska bango.

"Makulli na hannunka," ya ce. "Tun shekara tara ba ya hannuna."

Da safe, bayan sawu na biyu, Njidda ya wuce da motar Madagaskar ko gida bai biya ba.

"Sauke bodin," ya ce wa Tahiru.

"Tsohon ya sake ka?"

"Bai sake ni ba."

Tahiru ya tafi neman sifana.

Njidda ya roƙi wani mai mota ya riƙa ɗaukar wa mahauta namansu, shi kuma ya tare a gareji. Ya karɓi burushin ƙarfe ya riƙa kankara da hannunsa don aiki ya yi sauri, har tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Kwana biyu ba wuta. Kwana ɗaya ruwa bai ɗauke ba tun safe har magariba. Kullum da la'asar ya wanke hannu ya tafi gidan Baba. Tsohon bai sake tayar da maganar ba, sai dai ranar farko da ya shaƙi iska ya ce, "Yau kuma warin tsatsa kake." Abin da Njidda ya lura da shi kuwa, ya daina ƙirga numfashi. Yanzu in ya ji an ce da sauƙi, alhamdu lillahinsa tun daga ciki take fitowa. Ko wannan ma bai bar shi ya ji daɗinsa ba, don ya san dalilin: yanzu jinkirin tsohon shi yake wa amfani.

Ran kwana na takwas, da hantsi, yana durƙushe yana shafa jan fenti hannu na farko, waya ta yi ƙara. Karimatu ce. Ba ta yi dogon bayani ba. An sa jana'iza bayan azahar.

Njidda ya miƙe ya dubi motar. Tana kan duwatsu huɗu ba taya a baya. Bodi na jingine da bango, sifirin a zube a ƙasa, fenti ɗanye yana sheƙi.

"Ko mu goma ne ba za mu haɗa ta yau ba," in ji Tahiru a hankali. "Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta."

Njidda ya yi tunanin ya je ya roƙi Liman a ɗaga zuwa gobe. Tunanin bai kai ƙofar gareji ba. Ba a ajiye gawa don mota.

Alhaji Mika'ilu mai yadi ya ba da farar bas ɗinsa, aka cire kujerun baya. Njidda ya ɗebo ruwa bokiti uku ya wanke cikinta da kansa, ruwa zalla, ya share da tsintsiya. Da aka fito da makara mutane suka riƙa waige-waige.

"Ina motar?"

"Tana gareji."

"Yau? Yau ɗin nan motar Baba take gareji?"

Wani mahauci ya ce, ba a ɓoye ba, "Wanda aka ba kyauta ai bai san darajarta ba." Njidda ya ji, bai juya ba. Shi ya tuƙa bas ɗin. Injinta shiru, ba ƙugi, ba kwaramniya, ta bi gangaren bayan kasuwar shanu sumul kamar ba ramuka. Mutum shida kawai ta ɗauka da makara, sauran suka biyo a taksi da babura, jerin da bai ga ƙarshensa a madubi ba.

Bayan sadakar uku ya koma gareji. Tahiru ya gama hannu na biyu, shasi ya yi ja kamar gauta. A gefe, cikin tarkace, ga tsohon ƙarfen da aka yanke. Njidda ya jawo shi, ya ɗora bakinsa biyu a kan duwatsu, ya hau tsakiya ya tsaya. Ƙarfen bai motsa ba. Ya yi tsalle. Garin tsatsa ya zuba, ƙarfen na nan. Ya sake yin tsalle da ƙarfi, gwiwarsa ta amsa.

"Sauko kafin ka karye, shi bai karye ba," in ji Tahiru.

"Da ta kai shi."

"Wataƙila."

"Kai ka ce zai saki."

"Na ce zai saki, ban ce ranar Talata ba. Wataƙila da ta kai shi ta dawo, ta ƙara shekara. Wataƙila da yanzu muna zaman makoki gida goma. Ni mai walda ne, Bafillace, ba mai duba ba."

Njidda ya sauko ya zauna a kan dutsen. Ya so a ce ƙarfen ya karye a ƙarƙashinsa. Da ya ɗauki guntayen ya kai ƙofar masallaci ya ajiye, kowa ya gani. Yanzu ba shi da abin nunawa, ko ga mutane ko ga kansa.

"Saura na sama," in ji Tahiru. "Jan fenti shi kaɗai tsakuwa za ta fasa shi. Yanzu ƙarfenka mai rai ne, kwalta halal ce a kansa. In na fesa, shekara biyar ba ruwanka da leƙa ƙarƙashi. Ko kuma mai, amma sabo, mara baƙi, ana ganin fenti ta cikinsa. Shi kuwa duk damina sai ka kawo an sake, ka sauka ramin nan da ba ka so."

"In tsatsa ta dawo a ƙarƙashin kwalta, zan sani?"

"Sai ta girma."

"A ƙarƙashin mai fa?"

"Ranar da ta fara za ka gani, in ka duba."

Njidda ya shafa gwiwarsa. Ya gaji da dubawa. Ya gaji da sanin abin da ke ƙarƙashin abubuwa, da a ce ana fesa wa mutum kwalta a ka ya huta shekara biyar, da ya miƙa nasa.

"Sa mai," ya ce.

"Matarka za ta tsine mini."

"Ta saba."

Ran kwana na sha uku ya karɓi motar. Hanyar gidansa ta ƙofar gidan Baba take bi, ba wata. Karimatu na tsaye a bakin zaure tana sallamar wasu mata da suka zo gaisuwa. Ya tsaya, ya kashe inji, ya gaishe ta ta taga. Ta amsa. Ta daɗe tana kallon motar, tun daga fitila har bodin da uwarta da yayyenta suka kwanta a ciki.

"Ta warke, Yaya Njidda?"

"Ta warke."

Ta gyaɗa kai.

"Kwana biyar," ta ce. "Kwana biyar kawai."

Bai san ko da shi take ba, ko da tsohon, ko da Wanda ya ƙaddara kwanakin. Ba ta jira ya tambaya ba, ta shige gida.

A ƙofar gidansa ya ɗauko galan ɗin jabel daga bayan kujera, da sauran kusan rabi a ciki, ya miƙa wa Jaratu ya ce ta yi wanki da shi. Sannan ya nemo sabon kwali, ya durƙusa da ƙyar, ya tura shi ƙarƙashin motar daidai inda man ya fara ɗiga.